Fim ɗin tasowa: yadda ake tsara shi da tallansa, da misalin Abouna na Chadi

Fim ɗin tasowa shi ne wanda ke bin yaro ko yarinya a ɗan tsakanin nan da ƙuruciya ta fara suɓucewa, girma kuma bai gama zama ba. Masu Faransanci suna ce masa film d'apprentissage ko récit initiatique, Jamusawa kuwa sun daɗe suna kiran littafin da ke ɗauke da irin wannan labari Bildungsroman. Na zaɓi kalmar "tasowa" don ita muke faɗa a gida idan yaro ya kai wannan gaɓa: murya ta soma buɗewa, an daina aikensa sayen gishiri, amma har yanzu ba a kiransa idan manya za su yi shawara.

Masu fara fim da yawa da irin wannan labari suke buɗe hannu, kuma dalilin a fili yake. Kowa ya yi ƙuruciya, saboda haka kowa na ganin yana da abin faɗa. Ba a buƙatar fashewar motoci ko tarin sojoji, unguwa ɗaya da yara biyu sun isa. Sai dai wannan sauƙin yaudara ne. Fim ɗin da ya dogara kacokan a kan fuskar yaro ɗan shekara 12 ba shi da wurin ɓuya: idan labarin bai tsaya ba, ko yaron bai dace ba, babu waƙa ko faɗa da zai rufe ɓarakar. Wanda ya ci bashi ya shiga aikin ba tare da shiri ba, kuɗinsa ne da mutuncin ɗan mutane ke kan siraɗi.

Abouna a taƙaice

An haifi Mahamat-Saleh Haroun a Abeche a 1961. Yaƙin basasa ya fitar da shi daga Chadi, ya ratsa ta Kamaru, ya isa Faransa a 1982, ya yi aikin jarida kafin ya koma ga fim. Abouna, wato "Babanmu" da Larabcin Chadi, shi ne dogon fim ɗinsa na biyu, bayan Bye Bye Africa na 1999. Ya fito a 2002, aka nuna shi a bikin Cannes a sashen Quinzaine des réalisateurs. A FESPACO ta 2003 a Wagadugu, mai ɗaukar hotonsa, Abraham Haile Biru ɗan Habasha, ya karɓi kyautar ɗaukar hoto. Kiɗan na Ali Farka Touré ne na Mali, tsawon fim ɗin kuma bai kai awa ɗaya da rabi ba.

Tahir mai shekara 15 da ƙanensa Amine mai shekara 8 sun wayi gari babu mahaifinsu. Shi ne zai hura musu usur a wasan ƙwallon unguwa, bai zo ba. Suka je wurin aikinsa, aka ce ai shekara biyu rabonsa da wurin. Suka je gadar da ta haɗa N'Djamena da Kuseri suna leƙen masu ƙetarawa Kamaru. Wata rana a sinima suka ga wani mutum a allo, suka tabbatar wa kansu babansu ne, har suka koma suka sace naɗin fim ɗin, suna warware shi suna neman fuskarsa. Aka kama su. Uwarsu da ta rasa yadda za ta yi ta kai su makarantar allo a ƙauye. A can ciwon asma ya yi ajalin Amine. Tahir ya gudu tare da wata yarinya bebiya da ya kamu da sonta, ya dawo birni ya tarar hankalin uwarsa ya gushe, ya ɗauke ta ya ci gaba da kula da ita.

Uban bai dawo ba, ba a kuma same shi ba. Abin da yaran suka fita nema bai samu ba ke nan, amma fim ɗin ya kammala, don abin da yake bi tun farko shi ne Tahir. A farko yaro ne mai neman wanda zai kula da shi. A ƙarshe shi ne ke kula da gida. Duk abin da ke tsakani, daga gada zuwa sinima zuwa rasuwar ƙanensa, an jera shi ne don ya kai mu ga wannan juyin.

Abin da ba ya komawa

Nan ne tsarin ke farawa. Kafin a rubuta shafi ɗaya, mai labari ya iya faɗa a jimla guda: wane abu ne yaron zai rasa, ko zai sani, ko zai aikata, wanda bayansa ba zai sake zama yaron jiya ba? Idan amsar ita ce "zai sha wahala iri-iri", to har yanzu babu fim, akwai dai jerin aukuwa.

Haroun ya sake yin wannan aikin a Daratt na 2006, wanda ya ci kyautar musamman ta alƙalai a bikin Venise. An yi wa masu laifin yaƙi afuwa, sai kakan Atim, makaho, ya miƙa wa jikansa ɗan shekara 16 bindiga ya tura shi N'Djamena ya kashe wanda ya kashe mahaifinsa. Atim ya tarar da mutumin, Nassara, ya zama mai gidan burodi, ya kama aiki a hannunsa yana jiran dama. Tambaya ɗaya ce ta riƙe fim ɗin gaba ɗaya: zai harba ko ba zai harba ba? A Yaaba na Idrissa Ouédraogo, ɗan Burkina Faso, wanda ya fito a 1989, Bila ɗan shekara 10 ya ƙulla abota da wata tsohuwa da ƙauye ya yi wa tambarin maita, ta nan ya gane cewa manya ma suna zalunci kuma suna ƙarya. A Wallay na Berni Goldblat, 2017, an turo Ady ɗan shekara 13 daga Faransa zuwa wurin dangin ubansa a Burkina Faso. Shi yana zaton hutu ya zo, ashe horo ne. Wannan na ƙarshe zai yi wa masu karatunmu kusa, don gidaje nawa ne a Duwala ko Akara ke tura yaro "gida" idan ya fara gagara?

Shekarun yaron ba ado ba ne. Ɗan shekara 8 yana ganin abu bai fahimce shi ba, ɗan 13 yana fahimta amma ba shi da iko, ɗan 16 kuwa yana iya aikata abin da zai bi shi har tsufa. Shi ya sa bindigar Daratt ta dace da hannun Atim, ba za ta dace da hannun Amine ba. Haroun ya ci riba biyu a Abouna da ya haɗa ƙarami da babba: ƙaramin yana faɗin abin da babban ke haɗiyewa.

Sai tsawon lokacin da labarin zai ci. Mai farawa kan so ya ɗauko jaruminsa tun daga goyo har aure, kuma wannan ne ke karya kasafin kuɗi, don kowane tsalle na shekaru yana nufin sabon ɗan wasa, sabbin kaya, wani lokaci har sabon gari. Ba'amurke Richard Linklater ya magance matsalar ta hanyar da kusan ba wanda zai iya kwaikwaya: ya ɗauki Boyhood daga 2002 zuwa 2013, ƴan kwanaki a kowace shekara, da yaro guda, Ellar Coltrane, tun yana ƙaramin yaro har ya zama saurayi. Fim ɗin ya fito a 2014. Kamfani guda ne ya yarda ya riƙa zuba kuɗi shekara 12 bai ga ko sisi ya dawo ba. Wanda ba shi da irin wannan ubangida, ya matse labarinsa cikin hutu ɗaya, ko damina ɗaya, ko watan azumi ɗaya.

Akwai wani rami da finafinanmu ke yawan faɗawa, wato dattijon da zai bayyana a fitowa ta ƙarshe ya zauna a tabarma ya fassara wa mai kallo darasin da ya kamata ya ɗauka. A matsayina na malamin makaranta na san daɗin yin hakan, na kuma san fuskar ɗalibai idan an fara. Fim ɗin tasowa ba ya jure shi. Manyan da ke cikinsa mutane ne masu nasu rauni: uwar Tahir ba muguwa ba ce don ta kai su makarantar allo, ta gaji ne, Nassara mai kisa ne, kuma shi ne ke raba wa yaran unguwa burodi. François Truffaut ya rufe Les Quatre Cents Coups na 1959 da yaro ya gudu daga gidan horo har bakin teku, ya juyo ya kalli kyamara, hoto ya tsaya cak. Ba wanda ya yi bayani. Fim ɗin ya ba shi kyautar darakta a Cannes a wannan shekara, kuma shi ne dogon fim ɗinsa na farko.

Takardu da kuɗi

Duk wata cibiya mai ba da tallafi takardu take fara gani. Abin da ake nema bai cika bambanta ba: labarin a jimla ɗaya ko biyu, sai taƙaitawa ta shafi ɗaya da ake kira synopsis, sai faɗaɗawa mai bin labarin fitowa bayan fitowa, sai cikakken rubutun fim. A ƙa'idar da aka saba, shafi ɗaya na rubutun yana daidai da minti ɗaya a allo, saboda haka fim na awa ɗaya da rabi yana kusan shafi 90. Sai kasafin kuɗi da tsarin inda za a samo su. Akan ware kusan kashi 10 cikin 100 don abin da ba a zata ba, kuma wanda zai yi aiki da yara kada ya taɓa wannan kason.

Takardar da ta fi ba matasa wuya ita ce note d'intention, inda darakta ke bayyana dalilin da ya sa shi ne zai yi wannan fim, da yadda zai yi kama a ido da kunne. Yawancin waɗanda na karanta cike suke da maganar "wayar da kan al'umma". Mai tantancewa ya ga irin wannan jimla sau ɗari. Abin da bai gani ba shi ne unguwarku, da launin katangarta da yamma, da dalilin da ya sa kyamararka za ta tsaya daidai tsayin yaron maimakon tsayin babba.

Ƙofofin da masu fim na yankinmu suka saba ƙwanƙwasawa sun haɗa da Fonds Image de la Francophonie na ƙungiyar OIF, da Aide aux cinémas du monde da CNC da Institut français suka kafa a 2012 a madadin Fonds Sud, da World Cinema Fund na bikin Berlin, da Hubert Bals Fund na bikin Rotterdam. Na Faransa yana buƙatar a haɗa gwiwa da kamfanin shirya fim na can, kuma a kashe wani kaso na kuɗin a can. Don gyaran labari akwai Ouaga Film Lab da ya fara a 2016. Don fim da aka ɗauka ana neman kuɗin kammalawa akwai Final Cut na Venise da Ateliers de l'Atlas na Marrakech. A duba sharuɗɗa sabo a kowace shekara, musamman tun da Nijar, Burkina Faso da Mali suka sanar da ficewarsu daga OIF a watan Maris na 2025. Kasafin kuma a rubuta shi da sefa da yuro gefe da gefe. Lissafin ba wuya, tun da yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ko sefar Nijar ce ko ta Chadi da Kamaru.

Neman yaron

Rabin fim ɗin tasowa yana ƙarewa ne a ranar da aka zaɓi yaro. Truffaut sanarwa ya saka a jaridar France-Soir, yara suka yi ta zuwa, ya tsinci Jean-Pierre Léaud ɗan shekara 14. Léaud ya fi yaron da aka rubuta tsiwa da kuzari, sai darakta ya gyara rubutun ya bi yaron. Wannan ita ce dabarar da ta fi: a rubuta, a nemo yaro, a sake rubutawa.

Ba yaron da ya fi iya hadda ake nema ba. Gwanin wasan kwaikwayon makaranta yakan zo da ɗaga murya da wurga hannu, abin da ya dace da dandamali amma kyamara ke tona wa asiri. A nemi mai iya sauraro, wanda fuskarsa ke motsi idan wani na magana. Gwajin da ya fi amfani shi ne a bar takarda, a ce masa ya roƙi wani abu da ya san ba za a ba shi ba, ko ya ɓoye wani laifi, a ga yadda zai yi. Idan ƴan'uwa ne a labarin, kamar Tahir da Amine, a gwada su tare, a bar su su yi makonni suna cin abinci a kwano ɗaya kafin a kunna kyamara. Ɗan da bai saba da "yayansa" ba, ba zai jingina da kafaɗarsa yadda ƙane ke yi ba.

Yaro kuma yana girma, kuma ba ya jiran furodusa. Haƙori na faɗuwa, murya na fashewa, wando na ɗagewa. Fim ɗin manya ana iya dakatar da shi wata shida idan kuɗi sun yanke, a dawo a ci gaba. Na yara idan aka dakatar, wani yaron za a tarar. Don haka kada a fara ɗauka sai kuɗin ɗaukar duka sun shiga hannu, kuma in da hali a bi labarin a jere, daga farko zuwa ƙarshe, ko da hakan ya ƙara tsada. Yaron da bai taɓa fim ba yana rayuwa ne cikin labarin; idan aka ce ya yi kukan rabuwa a rana ta biyu, bai san me ya rasa ba tukuna.

Sai maganar amana. A Faransa ba a sa yaro ƙasa da shekara 16 a fim sai da izinin hukuma, ana ƙayyade awannin aikinsa, kuma ana ajiye masa wani kaso na ladansa a Caisse des dépôts har ya mallaki hankalin kansa. Ko inda doka ba ta tilasta haka ba, tsarin abin koyi ne. A zauna da iyaye, a karanta musu labarin duka da harshen da suke ji, har da fitowar da za ta iya sosa musu rai, a sa hannu a takarda. A samu babba daga dangin yaron da zai kasance a wurin ɗauka kullum, ballantana idan yarinya ce. A gaya wa shugaban makaranta. Ladan kuma kada a damƙa shi duka ga kawun da ya kawo yaron.

Lokaci, wuri da harshe

A yankinmu babban hutun makaranta yana faɗawa ne cikin damina, daga Yuli zuwa Satumba. Yaran suna da lokaci, ƙasa ta yi kore, amma hadari na iya cinye yini guda, hanyar ƙauye kuma ta yanke. Lokacin hunturu akwai sanyi mai daɗin aiki, sai dai hazo yana sauya haske daga yau zuwa gobe, fitowar da aka fara jiya da sararin sama garau a ƙarasa ta yau cikin ƙura. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi ba ya barin yaro ya tsaya a rana, batir da kyamara ma suna gajiya. Babu lokacin da ba shi da aibu. A zaɓi wanda labarin ke so, a rubuta shi cikin labarin.

Haroun ya ɗauki Abouna a N'Djamena da Gaoui, ƙauyen Kotoko da ke kusa da birnin, wanda ya yi suna da tukwane da gidajen ƙasa masu zane. A lokacin da fim na naɗi ake aiki, kuma Chadi ba ta da wurin wanke shi, sai an aika Faransa kafin a san ko abin da aka ɗauka ya yi. Yau darakta na ganin hotonsa nan take. Abin da bai sauya ba shi ne sauti, kuma shi ne ke kashe finafinan matasa fiye da hoto. Muryar yaro siririya ce; janareto, babur da injin niƙa na maƙwabta duk sun fi ta ƙarfi. A je wurin a saurara da ido a rufe kafin a zaɓe shi, a kuma tsara hutu daidai lokutan kiran salla.

Game da harshe, a bar yara su yi magana yadda suke yi a layinsu. Haruffan Abouna Larabcin Chadi suke yi da Faransanci, Yaaba da Mooré aka yi shi, kuma duk sun zaga duniya. Aïcha Macky ta ɗauki Zinder, fim ɗin gaskiya na 2021 a kan matasan "palais" na unguwar Kara-Kara, da Hausar Damagaram yadda take, bukukuwan Turai suka karɓe shi. Yaron Garwa da ke cakuɗa Hausa da Fulatanci da Faransanci a jimla ɗaya, kada a tilasta masa Hausar Kano don a burge kasuwa. Wannan cakuɗar ita ce shaidar inda ya taso. A dai tanadi kuɗin fassarar ƙasan allo tun a kasafi, layi biyu a kowane lokaci, kowane layi kusan harafi 40.

Tallan fim

Abin da Faransawa ke kira bande-annonce, ƴan fim ɗin Hausa ke kira tirela, ya fara ne a Amurka. A 1913 wani mai talla, Nils Granlund, ya haɗa ɗan gajeren fim don tallata wasan dandamali mai suna The Pleasure Seekers a gidajen sinimar Loew. A farkon zamanin bayan fim ake nuna irin waɗannan tallace-tallace, daga nan sunan ya samo asali, abin da ke biye a baya, kalmar da ta ba mu sunan babbar motar nan ta kaya. Da aka ga mutane na tashi kafin a nuna, sai aka dawo da shi gaba, sunan kuma ya zauna. Ƙa'idar da manyan kamfanonin Amurka suka daɗe suna bi ita ce kada ya wuce minti biyu da rabi.

Abu biyu ne ake kira da suna ɗaya, kuma gara a raba su. Akwai ɗan gwajin da ake ɗauka kafin fim, minti biyu ko uku, don a nuna wa masu kuɗi yaron da wurin da salon hoto. Akwai kuma tallan da ake yankowa daga fim ɗin da aka gama, don mai kallo. Na farko yana cewa "zan iya", na biyu yana cewa "zo ka gani". Wanda ya saki na farko a intanet kamar shi ne na biyu, mutane za su yi ta tambayar fim ɗin da babu shi, kafin ya fito sun manta.

Tallan fim ɗin tasowa ya fi na sauran wuya, don abin da ke faruwa a cikin yaro ne, kuma ba a ganinsa a daƙiƙa uku. A zamanin kaset da CD a Kano, tirela a farkon kaset take zuwa, waƙa da rawa ne kuma ke sayar da ita. Wannan ya yi wa waccan kasuwa aiki. Idan aka yi wa fim mai natsuwa irin wannan tallan, waɗanda za su zo ba su ne masu son sa ba, masu son sa kuma ba za su zo ba.

Abin da ke aiki shi ne a sayar da tambayar, a riƙe amsar. Da za a ba ni Abouna a ce in yanka masa talla, zan buɗe da yaran a filin ƙwallo suna jiran alƙalin wasan da bai zo ba. Daƙiƙa 20 sun isa mai kallo ya san su wane ne da abin da suka rasa. Sai nema: wurin aiki, gada, titunan birni. A tsakiya zan sa sinima, fuskar Amine cikin hasken allo, don wannan ne hoton da ba wani fim da ke da shi, kuma kowane talla na buƙatar hoto guda irin wannan. Sai sata, sai kamu, sai mota ta nufi ƙauye, kiɗan Ali Farka Touré na ɗagawa. Yarinyar za ta bayyana sau ɗaya, ba bayani. Rasuwar Amine ba za ta shiga ba, ko da alama, haka ma halin da uwar ta ƙare a ciki. Na Daratt ya fi sauƙi: bindiga, burodi, da mutum biyu a ɗaki ɗaya. Wanda ya nuna abin da ya faru a hamada a ƙarshe ya kashe fim ɗin.

Ana shirya talla tun kafin ɗauka. A rubutun fim a yi wa fitowa biyar ko shida alama, a ba su ƙarin lokaci ranar ɗauka. A samu mai ɗaukar hoton kati a wurin, don hoton da aka tsamo daga bidiyo ba ya yin kyau a fosta. Yankan kuma in da hali a ba wani, ba darakta ba. Darakta na son kowace fitowa kamar ɗansa, ba zai iya zubar da ko ɗaya ba. Kiɗa ma a kula: izinin saka waƙa a cikin fim ba lallai ya haɗa da talla ba, sai an rubuta a yarjejeniya, kuma YouTube da Facebook suna iya toshe bidiyo ko kashe masa sauti saboda waƙar da ba a biya ba.

Yawancin masu karanta wannan shafi a waya za su ga tallan, ba a sinima ba, galibi ta WhatsApp, da data mai tsada, wani lokaci ba sauti. Saboda haka ana buƙatar yanka biyu aƙalla: cikakke mai faɗi na minti ɗaya da rabi zuwa biyu don bukukuwa da YouTube, da gajere na tsaye, daƙiƙa 30, mai buɗewa da fuska ba da tambarin kamfani ba. Fassarar a manna ta a jikin hoton da manyan haruffa. Fitowar dare da ta yi kyau a kwamfutar mai tacewa takan koma baƙi ƙirin idan WhatsApp ya matse ta, don haka a tura wa ƙaramar waya a duba kafin a saki. A ƙarshen tallan a rubuta suna, rana da wurin da za a gani. Idan ba a san ranar ba tukuna, a dakata da sakin.

Abu na ƙarshe ya koma kan yaron. Fim yana da farko da ƙarshe da ke kare ɗan wasa, talla ba shi da su. Daƙiƙa biyar na yarinya tana kuka, ko yaro ana dukansa, ko wata magana mai nauyi a bakinsa, za su rabu da labarin su shiga wayoyin unguwa, kuma da sunan fim ɗin za a riƙa tsokanarsa a aji. Lingui na Haroun, wanda ya shiga gasar Cannes a 2021, labarin yarinya ce ƴar shekara 15 da ta yi ciki a N'Djamena. Duk mai irin wannan labari a garin da kowa ya san kowa, ya auna kowane hoto da zai fitar sau biyu. Kafin a saki tallan a kai shi gidan yaron, a kunna wa shi da iyayensa, a ba su damar cewa a cire wani abu. Wannan damar a rubuta ta cikin takardar da aka sa wa hannu tun ranar farko.